Ƙwayar da na riƙa haɗiya da kunun kanwa

Lokacin da na yi aure ban san komai game da maza ba sai abin da na karanta a ƙananan littattafan soyayya da ake sayarwa a kasuwar Tawa. A cikinsu, in mace ta kwanta ciwo, namiji ne ke zama bakin gado yana yi mata fifita. Mijina ɗan Takanamat ne mai fataucin bisashe, wato dabbobi. Ni na zaɓe shi, kuma ya sha faɗa mini muryata ce ta kama shi, don ni ke karanta masa littattafan nan da marece, shi bai yi lakwal ba, bai iya karatun boko ba.

Tun shekarar farko na fara kumbura. Danginsa suka yi ta yaba masa, wai ya iya kiwon mace. Ni ma na yarda, sai da gashina ya soma zuba, ina rawar sanyi cikin bazara, barci na kwashe ni tuwo na ƙonewa. A gidan likita aka auna jinina, aka ce wani abu ne a wuyana, tiroyid, ya rage aiki. Aka ba ni ƴar ƙwaya, a sha kullum da safe kafin a ci komai, har ƙarshen rai.

Uwar mijina ta ce maganin nasara ba ya shiga ciki wofi, hanji yake ci, kuma ai kunu ba abinci ba ne. Kowace safiya ta dama kunun kanwa, wata rana fura da nono, mijina ya kawo mini ƙwaryar da hannunsa. Ina ganinsa tsaye a kaina sai zuciyata ta narke, in jefa ƙwayar baki in kora.

Aka yi ta ƙara mini magani, jini bai gyaru ba. Muryata ta yi kauri. Mijina ya raɗa mini suna Alhaji. A wani gidan suna ya kwaikwayi gaisuwata gaban ƙannensa mata, suna dariya har da riƙe ciki, ni ma na murmusa don kar a ce ban san wasa ba. Ranar da na ɗauko littafi zan karanta masa, cewa ya yi in bari, kukan bijimai ya ishe shi a kasuwa. Ya ƙara da cewa shi ya san dabbar da ke ci ba ta amfani, kuma ba a kai irinta rani, rabuwa ake yi da ita.

Daga baya wata likita ta tambaye ni da me nake haɗiye ƙwayar. Ta ce kanwa da nono riƙe maganin suke yi, kaɗan ne ke isa jini. Na koma gida da sauri, ina ƙiyasta yadda zai riƙe hannuna ya roƙi gafara. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ashe yanzu uwarsa nake tuhuma da sa mini ciwo. Makon bai fita ba ya sake ni.

Yau ina gidan babana. Da ruwa zalla nake sha, in jira kafin in karya, amma har yanzu awon jinin wata rana ya hau, wata rana ya sauka. Ƴan'uwana mata, in likita ya ce kafin ki ci komai, ki tambaye shi ko kunu na ciki. Kuma ranar da aka fara yi wa ciwonki dariya, kar ki taya su.