Malam Labaran Mai Allurar Masu Ciwon Sukari

Da an shafa addu'ar asuba, Malam Labaran zai ɗora tukunya ya tafasa sirinjinsa na gilas, ya ciro kwalaben insulin daga gindin randa inda sanyi ke tsare su, ya hau keke ya nufi Ƙofar Galadima. Malamin asibitin En'e ne, wato hukumar gargajiya, amma zagayen nan na gidajen masu ciwon sukari ba wanda ya ɗora masa. A bana, 1958, yake ajiye aiki.

Mutanen unguwa ba su manta da ranar da Bahago maɗinki ya faɗi a zaurensa ba, ana cikin azumi. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, jikinsa na ɓari, ba ya gane kowa. Ashe ya karɓi allurar safe, ya ɓoye cewa da azumi a bakinsa. Da Malam Labaran ya iso, sai ya ce a kawo zuma.

Sailuba, matar Bahago, ta ce daga bayan asabari, "Malam, ba kai ka hana shi zaƙi ba?"

"Ni ne, Sailuba. Jini yana da ma'auninsa, ba ya son ƙari, ba ya son ragi. Allurar nan 'yar aike ce, ita ke gaya wa tsoka ta karɓi sukari daga jini. Yau saƙo ya isa, abinci bai biyo baya ba."

Ya riƙa shafa masa zumar a cikin kunci har ya buɗe ido. Bahago bai yi godiya ba, kuka ya yi, wai an karya masa azumi. Malam Labaran bai yi masa faɗa ba. Washegari ya raka shi wurin limami, suka ji tare cewa Allah ya ɗauke wa majinyaci azumi.

Malam, kai ne mai hannu mai sanyi. Kai ne ka tsaya wa jikin da ya kasa tsaya wa kansa, ba ka taɓa kunyata mai ciwo ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Matasan da ke koyon aikin asibiti, ku je ku zauna da shi tun yana da ƙarfi. Gidansa na hanyar Kufena. In kun tarar da wani dattijo a zaure yana gwada masa sabuwar riga, ku gaishe shi, Bahago ne.