Tuzurun Jirginmu

Teyo ne ya riƙe 'yata ta fari a coci ranar baftismarta, don haka kompadre nake ce masa, haka shi ma yake ce min. A takarda sunansa Eleuterio, amma duk Punta Mansa babu mai kiransa haka sai alƙali. Dogo ne, baƙi wuluk, ga manyan tafin ƙafa, ga son waƙa alhali muryar ba a magana. Shekara arba'in muna shiga teku tare. Ban taɓa ganin mutumin da ya san ƙasan ruwan nan kamarsa ba, kuma ina faɗa ne ba don abokina ne ba, don sau da yawa haushi ma yake ba ni.

Muna samari mu biyar muke aiki a jirgin Don Saturnino, muna nutso muna kamo langosta, babban jatan landen nan da otal-otal ke rububi. Wata huɗu a shekara hukuma na hana kamunsa saboda lokacin ƙwai ne. To cikin yara bai san watan hani ba, haka muke lallaɓawa mu kamo. Kuma muna da tsarinmu tun kakanni: idan masu sintirin ruwa suka tare jirgi, wanda ba shi da mata da 'ya'ya shi zai miƙe ya ce buhun nasa ne, sauran ba su san da shi ba. Ta haka ba a ƙwace jirgi, ba a kulle magidanci. A kai shi kotu ya amsa laifi, mu haɗa masa kuɗin tara, da yamma a yi masa dafa-dukar kifi da kwakwa, a buga wasan domino, a yi ta tsokanarsa. Ba ma ɗaukar abin laifi, wani aiki ne cikin ayyukan jirgi, kamar kwashe ruwa.

Mu huɗu mun yi aure da wuri. Teyo kuwa ya tsaya ruwan ido, yau yana son wannan gobe waccan, har ya kai talatin. Saboda haka sau uku yana miƙewa. Na farko da na biyu tara ce. A na uku alƙalin ya ɗaga kai ya gane shi, ya ce tunda tara ba ta sa ya daina ba, ya je ya yi wata biyar. A wannan karon buhun nawa ne, ni na nace a ƙara nutso ɗaya kafin mu juya. Na sani, shi ma ya sani, bai taɓa faɗa min ba ko cikin faɗa.

Da ya fito sai ya auri Fidelina mai suyar kifi a bakin ruwa, wadda ta riƙa aika masa soyayyar ayaba da kifi duk Lahadi yana ciki. Gajera ce mai ƙiba, bakinta ya fi wuƙarta kaifi, ita ke karatun Littafi Mai Tsarki a coci don ta fi kowa iya karatu da ƙarfi. Abu ɗaya ne ba ta yi: ba ta shiga teku. An haife ta taku ɗari daga ruwa, amma ko gwiwarta bai taɓa jiƙawa ba. Takan ce Allah ya ba kifi ruwa ya ba ta kasko, kowa ya tsaya a nasa.

Suka haifi 'ya'ya uku, suka yi gidan bulo mai ɗaki biyu. Teyo ya yi ta tarin kuɗi har ya sayi jirginsa, shuɗi, da inji na hannu amma lafiyayye. Maganar kotu kuwa duk muka manta da ita.

Sai kifi ya fara ƙaranci. Sai hukuma ta killace duwatsun murjanin da muke nutso, ta ce ba kamu a wurin, sai dai a kai baƙi 'yan yawon buɗe ido su yi kallo. Mun yi ta zage-zage wata guda, daga baya muka gane wanda ya kai Turawa shida su leƙa kifi ya fi wanda ya wuni yana nutso samu, ga shi kunnensa ba ya ciwo. Sharaɗin shi ne kowane jirgi ya kasance da kyaftin mai lasisi, lasisin kuma sai ka kawo takardar shaidar hali daga birni, wadda ke nuna ba ka da suna a kundin masu laifi.

Motar haya ɗaya muka shiga, mu biyar ɗin nan da muka yi aiki a jirgin Don Saturnino. Muna ta raha a hanya. A ofis yarinyar ta danna na'ura ta miƙo wa kowa takardarsa fes. Da aka zo kan Teyo sai ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce masa a hankali, cikin ladabi, tasa ba za ta fito haka ba. Laifi uku, duk na kamun haram, ɗaya da ɗauri. Teyo ya yi dariya ya ce ai wannan tun kafin a haife ta ne. Ta ce ta sani, Baba, amma yana nan.

Muka kamo hanyar dawowa. Takardata na cikin aljihun rigata tana ƙona ni.

Mu huɗu muka samu lasisi. Mutumin da ya koya mana inda kunkurun ruwa ke kwana, wanda ya san kowace mashiga a cikin duwatsun nan ido rufe, shi aka ce bai cancanci ya kai mutane wurin ba. Ya nemi gadi a sabon otal, suka ce takardar hali. Ya nemi tuƙa jirgin kai kaya na otal ɗin, takardar hali. Har wankin kwanoni, jama'a. Wani lauya a birni ya ce ana iya neman a share, amma mai ɗauri a kansa sai ya yi haƙuri, abin kan ɗauki shekaru, kuma ba ya yi masa alkawari. Teyo na da shekara hamsin da tara lokacin. Jirginsa ya yi wata bakwai a kife a kan yashi, kaji na kwana a ƙarƙashi.

Na same shi wata safiya yana ɗinkin tarun da ba shi da inda zai jefa. Na ce masa na yanke shawara, zan je gaban hukumar lasisi in faɗi gaskiya, buhun nawa ne, su Porfirio, sauran abokan jirginmu na da, su ma za su faɗi nasu. Bai ɗago ba.

"Sai a yi me, kompadre?"

"Sai a wanke ka."

"Sai a karɓe lasisinka, a karɓe na su Porfirio, ni kuma a ƙara min na yi wa kotu ƙarya. Jirgi biyar a kife maimakon ɗaya. Kai dai tun muna yara lissafinka ba ya fita."

Na ce to ya zo jirgina mu yi aiki tare, a raba daidai. Ya ce ya gode, amma ya gama zama a jirgin wani. Ya riga ya yi magana da wani mutum daga ƙauyen gaba, zai zo ƙarshen wata ya sayi shuɗin jirgin. Shi kuma zai tafi birni wurin babban ɗansa, ya zauna yana kallon talabijin. Ya faɗe shi yana murmushi, ni kuwa na ji kamar in kwaɗa masa mari, don na san Teyo ba zai yi shekara a bene hawa na huɗu ba.

Ashe Fidelina na jinmu daga bakin murhu. Ta zo da matsamin kifi a hannu mai na ɗiga, ta tambaye ni ko dokar ta ce kyaftin sai namiji. Na ce ban ga an rubuta ba. Ta ce ta ce sai masunci? Na ce a'a, kwas ne na mako shida, da jarrabawa a rubuce, da taimakon gaggawa, sai kuma iyo mita ɗari biyu. Da ta ji iyo ta ajiye matsamin a gefe. Sannan ta juya wurin mijinta.

"Tsoho, aika wa mutumin nan ka ce jirgi ba na sayarwa ba ne. Ni ba ni da suna a kundin kowa."

"Tsohuwa, ke da ko wanka sai da kofi?"

"Kai za ka koya min. Kuma idan ka yi dariya sau ɗaya, ka nemi mai dafa maka."

Takardarta ta fito fes a rana ɗaya. Karatun bai ba ta wuya ba, ita ta zo ta biyu a ajin da duk sa'o'in 'ya'yanta ne, har tana gyara wa malamin lafazi. Iyon ne bala'i. Da asuba suke tafiya bayan bishiyoyin gaɓa don kada a gani, ita da dogon siket ɗinta ta ɗaure da igiya a ƙugu, shi ya tallafo cikinta da hannu biyu yana cewa ta buga ƙafa. Kwana uku duk gari ya sani. Matan kasuwa suka riƙa tashi da wuri wai neman itace. Ana jin muryarta tun daga coci tana cewa idan ya sake ta sai ta kashe shi, shi kuma yana rantsuwa yana riƙe da ita alhali ya daɗe da sakinta.

Gwajin farko ta faɗi. A mita tamanin ta sha ruwa, aka jefa mata taya aka jawo ta. Ta dawo gida ta rufe ƙofa wuni guda, ranar ba a yi suya ba a Punta Mansa. Teyo ya ce mata ta bari haka, ya yafe, ransa ya fi son ta a raye da jirgi goma. Washegari da asuba ita ta tashe shi.

Bayan wata biyu aka sake gwajin. Mun je mu duka, mun cika bakin kwatar. Ba iyo ne mai kyan gani ba, Allah ya sani, tana tafe kamar tunkiya a rafi, kai a sama baki a murtuke. Teyo na bin ta a kan kwata da gudu-gudu yana ƙirga mata. Da ta taɓa alamar ƙarshe sai Porfirio, wanda ko a jana'izar uwarsa bai yi hawaye ba, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Yanzu shekara shida ke nan. Ita ce kyaftin, lasisin na rataye a wuyanta cikin leda, shi kuma a takarda mataimaki ne, aikin da ba a tambayar takardar hali. Ita ke karɓar baƙi, ta ɗaura musu rigar ruwa, ta yi musu faɗa idan suka taɓa murjani. Shi ke riƙe da inji da igiya, yana waƙarsa. Ƙanwarta ta gaji kaskon. Maganar share suna tana can wurin lauya, Teyo ya ce idan ta fito a saka masa a akwatin gawa. Ya yi ƙiba, har tumbi ya ajiye. Idan samari suka tsokane shi wai matarsa ce ogansa, sai ya ce dama can ita ce, yanzu ne dai hukuma ta buga hatimi.

Amma ni ranar fitarsu ta farko da baƙi ce ba na mantawa. Jirgina na kusa da nasu a kan duwatsun, ruwan ya kwanta garau. Baƙinsu huɗu duk sun faɗa ruwa, ita tana zaune tsakiyar jirgi ta riƙe katako da hannu biyu, fuska ta yi fari don jiri. Teyo ya wanke gilashin nutso ya miƙa mata. Ta ce ita kyaftin ce, ba 'yar kallo ba. Ya dai tsaya riƙe da shi. Can ta karɓa ta saka a karkace, ta durƙusa a gefen jirgi ta tsoma fuskarta, shi yana riƙe da bayan rigarta.

Ta daɗe. Ta ɗago ta ja numfashi ta sake komawa. A karo na uku ta ture gilashin zuwa goshi, ruwa na zuba daga gashinta, ta tsura wa mijinta ido.

"Shekara talatin ina soya su, ban taɓa sanin haka suke ba. Tsoho, nan kake zuwa kullum?"

Ya ce nan ne.

"Nan suka ce ba za ka ƙara zuwa ba?"

Ya gyaɗa kai. Sai ya juya ya kama taɓa injin da ba abin da ya same shi. Ta gyara gilashin ta jawo shi kan idonta.

"Riƙe ni da kyau," ta ce, "ban gama gani ba."