Hannuwan Mode Mai Baibaya

Kullum bayan sallar asuba, kafin masu ziyara su cika hanyar Hubbare, Mode yakan fito ƙofar gidansa ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali, ya ga inda iska ta nufa. Shekara arba'in yana haka. Mu kuwa, 'yan unguwarsa, shekara arba'in muna yi masa dariya.

Sana'arsa baibaya. Rabin jinkar unguwarmu shi ya ɗaura ta. Amma abin da Sakkwato ta san shi da shi daban ne. In gobara ta tashi, kowa ya suri tulu ya nufi ɗakin da ke ci, Mode sai ya dubi hayaƙi, ya sheƙa inda iska ke kai tartsatsi, ya sa gorarsa mai ƙugiya ya kware jinkar da wuta ba ta ma iso ba.

"Wanga ɗaki ya riga ya tahi," yakan ce. "Ku hana ta abincin gaba."

Ya sha faɗa mana cewa wuta sama take hawa, iska ke ja mata gora. Man tuya in ya kama da wuta, ƙasa ake zuba masa, ba ruwa ba. Ɗakin da hayaƙi ya cika kuma ba a wangale ƙyaurensa. Wa ya saurara? Mun riga mun yanke hukunci: mai baibaya ne, yana kware rufin mutane don gobe a kira shi aiki. Ko da yakan dawo ya mayar da jinkar bai karɓi komai ba, sai muka ce wayo ne. Wannan zato ya fi komai ci masa rai, bai kuwa taɓa tanka mana ba.

Wata bazara, bayan azahar, wuta ta kama a madafar Atika mai tuyar ƙosai. Iska na busowa daga gabas, ɗakin littattafan Malam Siddiƙu, malamin unguwa, yana yamma da ita. Mode ya iso ya ɗaga gora.

"Mi kaka yi?" in ji Malam. "Ɗakin da wuta ba ta taɓa ba?"

"Gafarta Malam, nan taka zuwa. Bari in kware shi."

"A riƙe shi! Yau dai ba ka cin kasuwa bisa kaina."

Muka riƙe shi. Mu huɗu, da hannuwanmu. Ba a jima ba tartsatsi ya sauka a kan shucin jinkar, hayaƙi ya fara fita ta ƙarƙashin ƙyaure. Malam ya tuna da littattafansa, ya ruga ya banka ƙofar. Iska na shiga, ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, Malam yana ciki.

Mode ya fizge daga hannunmu. Ya jiƙa rigarsa, ya kwanta rubda-ciki ya ja jiki ta ƙarƙashin hayaƙin. Wani itacen jinka ya faɗo wa Malam a ƙafa, yana ci. Da hannu Mode ya ɗage shi, ya jawo Malam waje. Malam ya rayu shekara tara bayan nan. Yatsun Mode kuwa suka nannaɗe, ba su sake ɗaure igiya ba.

Kai ne, Mode, wanda muka riƙe a ranar da ya kamata mu bi. Kai ne ka rasa sana'arka don ceton wanda ya zarge ka a kanta. Kunya ta hana mu zuwa gaishe ka, muka riƙa sauya hanya.

Da shekara ta zagayo, gobara ta tashi a wajen masaƙa. Muna isa da tulunanmu muka tarar da shi can gaban wutar. Ya sa matarsa Jummai ta ɗaure masa gorar a damtse da tsumma, yana ja da ƙirji yana kware jinka. Mutumin da ba zai ƙara yi wa kowa baibaya ba har abada. Nan muka gane ashe ba kasuwa yake nema ba.

Yanzu ya tsufa, ko gorar ba ya iya ɗagawa. Mun gode, Mode, Allah Ya saka maka, ka yafe mana in za ka iya. Ku kuma masu ƙarfi a jika, ku je ku zauna gabansa tun yana da rai, ku koyi abin da muka ƙi koya.

Jiya muka je neman gafararsa. Ya ce ya yafe tun tuni. Sannan ya tambaye mu, "Yau daga ina iska taka busowa?"

Mu huɗu, babu wanda ya sani.