Yadda Na Kai Teku Kano

Assalamu alaikum edita, tare da duk mai riƙe da wannan mujalla. Ni tsohuwa ce daga Zongon Lome, a bakin teku. A nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na binne mijina. Ban taɓa zama a aji ba, allona ma iyakarsa surorin da nake salla da su. Wannan takarda faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ja wa mai rubutun kunne kada ta gyara min magana ko ɗaya. Kafin mu gama za ku san ko wace ce ita.

A shekarun da nake ba ku labari, sana'ata agushi ce. Nakan sayi buhu, matan gidanmu da na maƙwabta su taru bayan la'asar a gindin mangwaro mu yi ta ɓara. Aikin ɓarar agushi hannu yake ci, kunne kuwa zaune yake ba abin yi, don haka ni ce mai bakin wurin. Tatsuniya ba a yin ta da rana, sai in ɗauko labaran mutanen da, na fataken goro da na matan da suka bi su a ƙafa har bakin ruwa. Allah ya ba ni wani abu, kuma ba zan yi kunyar faɗa ba: abin da kunnena ya ji sau ɗaya ba ya fita. Saboda haka ake kira na shaida. In an yi alkawari wajen neman aure, ko wata ta bar wasiyya a bakin gado, ni ake nema. In na ce na ji, magana ta ƙare. Wannan ce dukiyata, ba ni da wata.

Sai wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da ke haya a gidanmu ya auro yarinya daga Kano. Shiru-shiru ce, mai ladabi, tana kira na Inna tun ranar farko. A cikin akwatinta ta zo da littattafan soyayya na Hausa. 'Ya'yanmu na nan lakwal suka yi, wato boko, Faransanci suke karantawa, kowa ya shige lungu da nasa ƙaramin littafi yana murmushi shi kaɗai. Ita kuwa da ta zauna ɓara tare da mu, wata ta roƙe ta ta karanta a fili. Ranar na yi tsaki na ce takarda ba ta da numfashi, me za ta faɗa wa mutum? Kafin mako ya zagayo sai na ga fayafayan agushi suna matsawa wajenta ɗaya bayan ɗaya. Na juya musu baya, amma kunnena bai juya ba.

Akwai wani littafi da ya kama mu duka. Labarin wata marainiya ce mai ɗinkin hula, da saurayinta mai gyaran rediyo. Ya tafi neman aiki, labari ya zo cewa ya rasu a hanya. Ta yi kukanta ta share, har ta amince da wani malamin makaranta, mutumin kirki wanda ya yi mata jinyar kakarta. Ana saura kwana biyu a kawo lefe, sai ga wasiƙa da rubutun hannun mamacin. Nan littafi na biyu ya tsaya. Na uku bai fito ba lokacin da Bakanuwar ta baro gida. Duk direban da zai yi arewa sai an ba shi saƙo, su dawo hannu wofi ko su kawo wani daban. To me ya rage? Sai a koma na ɗaya, a gama, a shiga na biyu, a tsaya a kan wasiƙar, a yi ta gardama. Mun maimaita su har bangonsu ya fita aka ɗinke da zare. Wata rana mura ta shaƙe mata murya a tsakiyar shafi, sai kawai na ɗauka daga inda ta tsaya, kalma bayan kalma, tana bin takarda da yatsa, ban kuskure ba. Mata suka riƙe baki. Nan girman kai ya samu ƙofa.

Ranar wata Alhamis na dawo daga kai kaya kasuwar Adidogome, na tarar ana ta jimamin littafi na uku kamar an yi rashi. Ban shirya ba, wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce ai na gamu da wata mata a can tana da shi, rowa gare ta ba ta ba da aro, amma ta yarda ta riƙa karanta min kaɗan-kaɗan in na kai kaya, ni kuma in ɗauko muku a kaina. Wa zai yi musu? Sun ga abin da kaina ke iya ɗauka. Aka yi ta sa min albarka.

Daga nan duk Alhamis a bayan zemijan, babur ɗin hayarmu na nan, nake saƙa labarin, mai babur na kutsawa tsakanin motoci, ni ina can tare da marainiya. Na kwaikwayi tafiyar maganar littafin har yadda yake siffanta ido da murmushi. Mata suka fara zuwa daga wasu gidaje, har da Zabarmawa da 'yan Kotokoli masu jin Hausa. Buhun da ke ɗaukar kwana huɗu ya koma ƙarewa a biyu. Wahalar ɗaya ce: sun saba da maimaici. Sai a ce Inna a sake mana na makon jiya. Ni kuwa tun ina yarinya ban taɓa ba da labari iri ɗaya sau biyu ba, fuskar masu ji nake kallo in ƙara gishiri ko in rage. Amma littafi ba ya canza magana, dole in ɗaure bakina in faɗa yadda na faɗa. Ina wanki ina bita, ina girki ina bita, kamar mai tsaron kayan sata.

Sai na zo wurin da marainiya ta buɗe wasiƙar ta gane saurayin yana da rai. Na tambayi kaina, ina mace ke zuwa in zuciyarta ta yi mata nauyi? Ai bakin teku. Can na je da mijina ya rasu, can uwata take zuwa. Sai na fito da yarinyar daga gidansu a cikin birnin Kano, na zaunar da ita a kan yashi a gindin kwakwa, tana kallon masunta suna jan taru suna waƙa, igiyar ruwa na zuwa tana lasar ƙafarta tana komawa. Mata suka yi ta share hawaye da bakin zane. Duk haihuwar nan ne ko sun daɗe a nan, ba wadda ta ga wani abu. Da na ɗaga ido sai na ga hannun Bakanuwa ya tsaya cak a kan faifai. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da ɓara.

Bayan an watse ta zo taya ni ɗaukar kwano. Sai da muka shiga ɗaki ta ce, a hankali kamar mai neman gafara, "Inna, babu teku a Kano."

Ni da ban taɓa wuce iyakar Ghana ba, a zatona kowane babban gari yana da tekunsa a gefe, yadda yake da kasuwa da masallacin Juma'a. Maimakon in ji kunya sai na hau ta da faɗa, na ce ita ta rubuta littafin da za ta fi mai shi sani? Ta ce to, Inna, ta ajiye kwanon ta fita. Ba ta faɗa wa kowa ba. Duk Alhamis tana zaune a gabana tana saurare, har tana tambayar me ya faru bayan nan. Da zagi ta yi min da ya fi min sauƙi.

Cikin wannan hali aka kira ni shaida. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta rasu, 'yarta da matar ɗanta suka yi saɓani a kan keken ɗinkinta. Ina wurin lokacin da marigayiyar ta ce a bar wa matar ɗan, domin ita ta yi jinyarta. Na faɗi abin da na ji. 'Yar ta haƙura, ta ce tunda Inna ce ta faɗa shi ke nan, Inna ba ta ƙari. Gaskiya na faɗa, amma da bakin da ke sayar musu da ƙarya duk mako.

Wata uku ana haka, sai direba ya dawo daga Kano da littafi na uku. Da safe matarsa ta shigo ɗakina da shi a ƙunshe cikin zane. Ta ce ba wanda ya gani, in na so za ta jefa shi ƙasan akwati ta ce ba a samu ba. Na karɓa na juya shi a hannuna. Ɗan abu marar nauyi, ko mudun agushi ya fi shi, amma shi zai kayar da sunan da na yi shekara arba'in ina ginawa. Na so in ce ta ɓoye, Allah ya sani na so. Sai na tuna matan nan sun fi shekara suna jiransa. In na hana su, na haɗa ƙarya da sata ke nan. Kuma ni, da furfurata, in zauna a ƙarƙashin rufin asirin yarinyar da na haifi kamarta? Na ce ta kawo shi gindin mangwaro da la'asar.

Da aka taru ban zauna ba. Na ce, "Babu wata mata a Adidogome. Duk abin da kuka ji wata ukun nan, daga cikina ya fito. Ga littafin gaskiya nan a hannun 'yata."

Ƙarar ɓara ta ɗauke. 'Yar marigayiyar nan ce ta fara magana, ta tambaye ni to maganar keke fa. Na ce wannan na ji da kunnena, amma ba ni da abin da zan tabbatar mata, don ni na ɓata shaidata da kaina. Ta zube agushin da ke cinyarta a faifai ta tashi ta tafi. Ban kira ta ba, tana da gaskiya.

Yamma uku aka yi ana karanta littafin, ina zaune a gefe kamar baƙuwa. Mai shi ta iya, ba zan rage mata ba. A nata, saurayin ya dawo da mota da kuɗi, malamin ya janye da kansa, aka sha biki. A nawa kuwa yarinyar ce ta je ta sami kowannensu ta faɗa masa gaskiya, ta riƙe alkawarin wanda ya tsaya mata ranar wuya. Aka rufe shafin ƙarshe. Sai wata tsohuwar Bazabarma, wadda ba ta cika magana ba, ta karkace kai ta ce ya yi daɗi, amma ina tekun? Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wata ta ce ita fa ba ta yarda a bar malamin haka ba, a sake musu na Inna. Na ce ku ji tsoron Allah, ƙarya ce fa na shirya.

Bakanuwa ta ɗaga littafin ta ce, "Inna, wannan ma wata ce ta zauna ta ƙirƙira. Ita ta sa sunanta a bango, ke kika ɓoye naki. Iyakar bambancin ke nan."

Ku yi min dariya in kun so. Har ranar, a zuciyata na ɗauka duk abin da ya hau takarda ya faru a wani wuri, marainiyar tana nan da ranta a wata unguwa. Ashe sana'armu ɗaya da mai littafin. Na gyara zama, na ce to ku saurara, wannan nawa ne, ni na haife shi. Ranar na ba da shi yadda raina ke so, na kwance bakin da na ɗaure wata uku, na ƙara wa tekun ma jiragen ruwa.

Ban fita lafiya lau ba, kada ku zata. Kusan shekara biyu ba wanda ya kira ni shaida, ana yin abu a unguwa sai dai in ji a bakin mutane. 'Yar marigayiyar ta daɗe tana gaishe ni daga nesa. Ranar da ta dawo gindin mangwaro da faifanta sai na matsa mata tabarma. Bayan nan da za a yi maganar auren ƙanwarta, ita da kanta ta aiko a kira ni, ta ce wadda ta iya tona kanta a gaban mutane ba za ta rufe wa wani ba.

Yanzu duk littafin da aka kawo, ko a takarda ko a cikin waya, in an zo kusa da ƙarshe sai a rufe a ce a fara jin na Inna tukuna. Bakanuwa ta rubuta nawa na uku a littafin 'yan makaranta, ta sa sunana a bango da manyan baƙaƙe. Ban iya karanta shi ba, amma na san siffarsa. Mijinta ya kai shi Kano, 'yan'uwanta suka yi ta karɓa hannu-hannu, suka aiko cewa in bar musu tekun kada in ɗauke. Ita ce ke rubuta muku wannan, ga ta nan tana dariya.

Abin da na koya, ƙaryar da na yi ba labarin ba ne, matar Adidogome ce. Na raina abin da Allah ya ba ni don ba a takarda yake ba, na je na rataya shi a wuyan wadda babu ita, na kusa rasa amanar da ba a saya a kasuwa. 'Yan'uwana tsofaffi, kada kishin abin da yara suka iya ya sa ku ari rigar da ba taku ba. Ku kuma masu karatu, ku karanta littattafanku ku maimaita, babu laifi, amma in akwai tsohuwa a gidanku ku rufe shafin wata rana ku tambaye ta yadda take ganin zai ƙare. Wanda kuma ya ƙirƙiri abu, ya tsaya a gabansa ya ce nawa ne. Ni dai na faɗa, kuma har yau Kano tana da teku, ni na kai mata.