Inna Goyo, Wadda Ta Tsaya a Ƙarƙashin Matakala

Duk ranar da za a yi zama a ofishin hukumar muhalli, Inna Goyo kan riga maigadi zuwa. Za ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin matakalar bene, ta ajiye bokiti da fo da jakar tsummoki, ta zauna jiran 'ya'yan mutane. Ba kati a wuyanta, ba kujera mai sunanta. Yara kawai take riƙewa.

Bari in yi wa baƙo bayani. A bayan unguwarmu akwai kamfanin da ke narka tsofaffin baturan mota. Ka shanya farin kaya, ka kwashe ruwan toka. Yara kuwa tari kamar gadonsa suka yi. Duk sanda lasisin kamfanin ya kusa ƙarewa sai hukuma ta kira zama, wai kowa ya zo ya faɗi ra'ayinsa. Kowa fa, amma a jikin ƙofa an rubuta ba a shiga da yara. To a unguwarmu wace mace ce ba ta da ɗaya a baya, ɗaya riƙe da zani? Sai maza su shiga, su yi ta "bisa la'akari" da "a nawa hangen," su fito da lemon kwalba a hannu, a sabunta lasisi.

Ana nan wata ƙungiya ta ba unguwarmu tallafi don mu riƙa halartar irin wannan zama. Shugabanmu, wanda ake kira Ciyaman tun bai da abin shugabanta, ya ce za a buga riguna masu hoton ganye, a yi bita a otal, a wayar da kan mata. Ni ban yi nisa a makaranta ba, a jikin kwalin magani da waya na ƙarasa koyon karatu, shi ya sa sai ranar na ji ashe kaina a duhu yake. Inna Goyo, da take yi wa ma'aikata reno tun ina rarrafe, ta ɗaga hannu ta ce kan mata a waye yake, bayansu ne ba a sauke ba. A saya mata tabarma da lema da bokiti, a ɗauki hayar mota, ita za ta riƙe yaran. Ciyaman ya ce wannan ba ya cikin tsare-tsare. Mata suka zuba masa ido har abin ya shiga tsare-tsare.

Haka aka yi shekaru. Mata na ciki suna koyon riƙe makirufo, Inna na waje tana share majina. Mai shara a ofishin ta rantse mini ta taɓa ganinta da ɗaya a baya, ɗaya a cinya, tana kaɗa na uku da ƙafa, kuma tana raba faɗan wasu biyu da ido kawai.

Amma ranar Yayata ce ta sa na ɗauki biro.

Ɗan Yaya na fari yaro ne mai shegen surutu, sai ya koma zama shiru, yana manta abin da ya iya. Likita ya ce dalmar baturan nan ce a jininsa. Yaya ba mai magana ba ce, ko a gida sai an ce mata "me kika ce?" Amma ita ce ke da abin faɗa, kuma a ranar za a yanke maganar lasisi. Dokarsu ita ce, a kira sunanki ba kya nan, an wuce ki ke nan. Ga jaririyarta tana fitar haƙori. Mun shiga, mun bar jaririyar wurin Inna.

Ana gab da kiran Yaya sai kuka ya shigo ta taga. Yara sun cika ƙarƙashin matakalar nan, amma Yaya ta san nata. Ta miƙe. Na riƙe mata mayafi.

"Sake ni, tawa ce," ta ce.

Sai kukan ya fara yin ƙasa, yana ƙasa, har ya ɓace. Yaya ta saurara, ta ce yarinya ta yi barci, ta zauna. Aka kira ta. Ta ce ɗanta jiya ya tambaye ta sunan ƙanwarsa, kuma shi ya zaɓa mata sunan. Ta ce ita ba ta zo da ra'ayi ba, da wannan ta zo. Mai ɗaukar bayani ya ajiye bironsa. Bayanta mata suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya.

Ashe yarinya ba barci ta yi ba. Mai facin taya na bakin titi ne ya ba mu labari. Ya ce ya ga Inna ta bar wa mai shara sauran yara, ta saɓa wannan a baya, ta miƙe titi a tsakar rana tana ɗingishi, yarinya na tsala ihu a kunnenta. Ya ce mata, "Inna, ga benci, ki huta." Ta ce nan ma iska za ta kai kukan, uwa kuma in ta ji, jikinta ne ke tashi ba ita ba. Ta wuce gidan mai, ta wuce kwana, ba ta dawo ba sai da ta hango mutane na fitowa. Da ta zauna, kasa tashi ta yi. Ɗaukarta aka yi zuwa mota.

Hukuma ta ƙi sabunta lasisi sai an ɗauke tukunyar narkawa daga unguwa. A hoton da ya fito, Ciyaman ne a tsakiya, ya ɗaga yatsu biyu. Ya yi kyau, ba laifi.

Inna, ke ce ba ki taɓa cewa komai a ɗakin nan ba, amma duk maganar da mace ta yi a ciki, a bayanki aka goya ta. Uwar goyon unguwa. Ni mai raina abin mutane ce, kowa ya sani, amma na duba na duba ban ga inda zan raina ki ba.

Yanzu gwiwar Inna ta ce ya isa. Zama kuma bai ƙare ba, don har yau ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar da suka bari ba. A zaman makon jiya mata suka ce lallai Inna ta shiga ta ga ɗakin ko sau ɗaya. Yaran kuwa aka miƙa wa maza. Ta shiga, ta zauna, ta ɗaga kai ta kalli fanka, ta fito ta ce matakala ta fi iska. A bakin ƙofa ta tarar da Ciyaman, shaddarsa sharkaf, yana jijjiga wani yaro mai ihu daidai saitin taga.

"Ɗana, uwarsa ce ke magana," ta ce. "Yi nisa da shi."

Ya tambaya har ina. Ta ce har ya daina jin makirufo. Ya kama titi.

Mun gode, Inna. Allah Ya ba gwiwa lafiya, Ya saka miki da mafificin alheri. Ku kuma masu kati a wuya, tabarma na nan, bokiti na nan. Mai facin taya zai nuna muku hanya.