Baba a Kujerar Gefena

Jiya ina cikin cunkoson motoci a Masaka wani ƙaramin jirgi ya wuce ta samanmu, sai warin baƙin man hannun Baba ya dawo mini.

Shi ne dattijon makanikinmu, da muke kira Baba, a Abuja bayan dawowar mulkin farar hula, lokacin da 'yan kwangila ke rububin hayar ƙananan jirage, ni kuma ina tuƙin jirgi. Duk randa ya canja inji, sai ya wanke hannu ya zauna a gefena a tashin gwaji. Yakan ce, "Oga, mu je. Ba na tura ɗan wani inda ban je ba."

Muna sama yakan damƙe gwiwoyinsa, leɓɓansa na motsi, hularsa sharkaf da gumi. Duk da haka na ɗauka son yawo ne. Har tsokanarsa nake yi a gaban abokan aiki, wai Baba ya samu jirgin kyauta. Murmushi kawai yake yi.

Da ya rasu, a wurin ta'aziyya matarsa ta ce mini, "Ɗana, ai tsoron sama gare shi. Ranar gwaji ba ya iya karyawa, kuma sai ya nemi gafarata kafin ya fita."

Na kasa ɗaga ido in dube ta.

Allah Ya amintar da Baba ranar babban firgici, Ya sa ya tafi yana mai yafe mini.