Ragon Suna a Gidanmu na Roni

Duk wanda ya zo dubiya cewa yake Yaya Nasiru ya warke, tunda ya fara dogara sanda har tsakar gida. Ba su san komai ba. Ba sandar ce ke riƙe da shi ba, ƙarya ce, kuma da bakina ake yin ta.

Ni ƙanwarsa ce. Shi kyaftin ne a soja. Da na gama sakandare Umma ta tura ni barikinsu can arewa maso gabas in taya matarsa, Anti Rabi, aiki. Cikin fari gare ta, wata biyar, yana ba ta wuya.

Ranar Talata ce. Ƙarfe shida na dama koko. Anti Rabi ta ce ƙosai take marmari, na ce kwaɗayin nan nata ya ishe ni, ban je sayowa ba. Yaya na goge takalmi yana mana dariya.

Bakwai saura kwata ƙara ta farko ta tashi daga babbar ƙofa. Gilashin taga ya zube a cikin kokon. Sai harbi, ba tsayawa, kamar ana juye tsakuwa a kan rufin kwano. Yaya ya miƙe. "Ku bi ta baya. Kar ku tsaya." Ya fita, takalmi ɗaya bai ɗaure ba.

Muka bi matan bariki ta wata ɓarakar katanga. Anti Rabi ba ta iya gudu. Ina jan ta, ina mata faɗa. Bakwai da rabi muka shiga gonar dawa. Sai ga ƙarar mashin ta hagu. Wata ta ce, "Ku kwanta." Na zube. Ita ciki ya hana ta saurin durƙusawa. Sai ji na yi hannunta ya yi nauyi a nawa. Harsashi ya same ta, rai ya yi halinsa. Na lulluɓe ta da mayafina. Da ƙarar ta yi nisa na tashi na bi sauran. A nan na bar ta.

Har la'asar muna tafiya ba ruwa, kafin wata motar itace ta kwashe mu. Kwana uku na yi kafin na iso Kazaure, ƙafa ba takalmi. Daga baya aka aiko cewa an binne ta can.

Shi kuwa an tsince shi a bakin ƙofa da rai. Aka yanke ƙafar dama daga gwiwa. Wata biyu yana asibiti. Kafin a kawo shi gida manya suka zauna, Kawu ya ce ba a faɗa wa majinyaci mutuwa, sai ya yi ƙarfi. Iyayenta ma suka yarda. Aka ce masa tana gidansu a Kanya Babba goyon ciki, likita ya hana ta motsi, wayarta kuma ta salwanta a gudu.

To wa za a aika? Ni. Duk Juma'a sai ya ba ni dabino da saƙo. In hau mashin zuwa Kazaure, in wuni gidan ƙawata, in dawo in ce, "Tana gaishe ka, Yaya, ta ce ka riƙa cin abinci." Sai ya ci. Wani lokaci yakan daɗe yana kallona, ni kuma in hau shara.

Ya sa an sayo rago an ɗaure gindin darbejiya. Kullum da safe shi ke kai masa harawa da kansa, yana ƙirga taku. Da fari goma sha biyu yake yi ya faɗi. Yanzu yana zuwa ya dawo. Ya ce da ƙafarsa zai shiga wurin suna. Jiya ya lissafa da yatsu ya ce, "Bilki, ai watan nan ne ko?" Umma ta tashi ta shige ɗaki.

Na tambayi Kawu sai yaushe. Ya ce in yi haƙuri. Haƙurin me? Ciki ba ya shekara.

Mutum biyu muka rasa a gonar nan, ɗaya ko suna bai samu ba. Na uku yana tsakar gida yana ba rago harawa, kuma ban san abin da zai saura daga gare shi ba in ya ji.

Gobe Juma'a. Ba zan karɓi dabinon ba. Zan ɗauko kujera in zauna kusa da shi a gindin darbejiya, in fara masa daga kokon.